Magidanci da Komawa Aji Don Ilmin Magani

Tun da aka kafa Jami'ar Tarayya a Dutse a 2011, wata mas'ala ta cancanci a tattauna ta a zaurukan unguwar Limawa: shin ya kamata magidanci mai sana'a ya koma aji ya karanta ilmin sinadarai da nufin tsara magunguna, alhali cuta da waraka duka a hannun Allah suke?

Masu ganin haka ya saɓa wa tawakkali, a ganina, sun sha'afa da cewa Imamu Gazali a cikin Ihya'u ya lissafa ilmin ɗibbu, wato likitanci, cikin farillan kifaya, waɗanda in al'umma duka ta bar su kowa ya ɗauki alhaki. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ma, duk da nauyin daula, sai da ya yi talifi a kan wannan ilmi. Mai tsara magani kuwa ba ya halittar komai, iyakarsa ya nazarci surar sinadari, ya sauya mata wani sashe har ta zauna daidai a gurbinta jikin ƙwayar cuta, kamar mabuɗi cikin kwaɗo. Da Tu Youyou ta ƙasar Sin ta tace artemisinin daga tazargade a 1972, ai gyara surarsa aka yi aka sami artemether, wanda ake ba yaranmu in zazzaɓin damina ya kama su.

Inda gizo ke saƙar shi ne haƙƙin iyali, domin ciyar da su farali ne na aini wanda na kifaya ba ya ture shi. Sai mutum ya warware wannan da uwargidansa tukuna, kafin ya sayi fom ɗin shiga jami'a.