Tsakanin Naci da Taurin Kai

Akwai tambayar da ta daɗe tana yi mini kai-kawo a rai: yaushe ne naci yake zama abin yabo, yaushe kuma yake komawa taurin kai? Rayuwar Patrick McGeer, masanin ƙwaƙwalwa na Jami'ar British Columbia a Kanada, ta ba ni wurin auna wannan tambaya.

A cikin ƙwaƙwalwa akwai wasu ƙananan ƙwayoyin halitta da ake kira maikurogiliya, waɗanda masanin Sifaniya Pío del Río Hortega ya bayyana a 1919. Su ne masu gadi da shara: suna kwashe matattun ƙwayoyi, suna far wa duk baƙon abu. Idan suka harzuƙa, sai a samu kumburi. An daɗe ana ɗaukar su 'yan kallo a cutar Alzheimer, cutar da ke cinye tunanin tsoho har ya kasa gane 'ya'yansa, wadda sau da yawa mukan jefa ta cikin abin da muke kira gigin tsufa.

A ƙarshen shekarun 1980, McGeer da matarsa Edith, abokiyar bincikensa, suka nuna cewa waɗannan masu gadi a harzuƙe suke a ƙwaƙwalwar waɗanda suka mutu da cutar. Sai suka ce wataƙila mai gadin da kansa yana cikin masu rushe gidan. A 1990 suka ja hankali kan cewa masu wani irin ciwon gaɓoɓi, da ke shan maganin kumburi shekara da shekaru, ba su cika kamuwa da cutar ba. Fata ya yi yawa. Amma da aka gwada irin waɗannan magunguna a kan jama'a, ba su hana cutar ba. Wani babban gwaji a Amurka ma an dakatar da shi a 2004 saboda fargabar illa ga zuciya.

McGeer bai saki ba. Ya ci gaba da cewa an makara ne, a fara shan maganin shekaru kafin alamu su fito. Gwaji bai tabbatar da hakan ba har ya rasu a 2022. To, ɗan uwa mai karatu, me za mu kira wannan?

Wani zai ce naci ne, kuma yana da hujja. A 2013 aka wallafa binciken da ya nuna cewa tangarɗa a ƙwayar gado mai suna TREM2, wadda maikurogiliya ke aiki da ita, tana ƙara haɗarin kamuwa da cutar. Ashe inda ya nuna da yatsa, akwai abu a wurin. Da ya yi shiru lokacin da ake ganin zancensa a gefe yake, da an ƙara jinkirin waiwayar wannan fage.

Wani kuma zai ce taurin kai ne, shi ma ba a banza ba. Maganin kumburi yakan jawo zubar jini a ciki, yakan lalata ƙoda. Wanda ya ga uwarsa ta manta sunansa, duk igiyar da aka miƙo masa kamawa zai yi. Kalmar masani a kunnen irin wannan mutum ba ra'ayi ba ce, umarni ce.

Ni a ganina, McGeer abu biyu ya riƙe, kuma nauyinsu ba ɗaya ba ne. Ya riƙe tambaya: shin kumburi na da hannu a mutuwar jijiyoyi? Ya kuma riƙe amsa: ga maganin da za a sha. Riƙon tambaya tsawon rai naci ne, domin kansa kawai mutum yake wahalarwa. Riƙon amsar da gwaji bai goya wa baya ba kuwa, wasu ne za su biya kuɗinsa da jikinsu.

Wannan ma'auni bai tsaya a ɗakin bincike ba. Malami, alƙali, uba a gidansa, kowa yana da abin da ya kafe a kai. Kafin mu kira shi haƙuri, mu fara tambaya: idan ban yi daidai ba, wa zai ji a jikinsa?