Ko Ya Dace Mai Bi Ya Yi Nazarin Addinin Da Ba Nasa Ba?

A duk shekara, idan jami'o'i suka fitar da sunayen ɗaliban da suka ɗauka, akwai gidajen da murna takan zo musu haɗe da damuwa. A ɗauki misalin wani gida a unguwar Jos Jarawa. Yarinya ta nemi karatun lauya, amma da suna ya fito sai aka ga an tura ta sashen nazarin addinai. Ta kawo jerin darussan gida, mahaifinta kuwa, wanda dattijo ne a ikkilisiya, ya sa tabarau ya duba. Ga Tsohon Alkawari da Sabon Alkawari, ga tarihin ikkilisiya, hankalinsa ya kwanta. Can ƙasa sai ya ci karo da Musulunci, da addinin gargajiya, har da addinin Hindu. Ya ajiye takardar ya ce, "'Yata, in sha wahala in biya kuɗin makaranta domin a koya miki bautar gumaka?" Ta sunkuyar da kai ta ce, "Baba, ba bauta za a koya mana ba. Sani ne kawai."

Tsoron wannan uba ba wauta ba ne. Ya ga yaran da suka tafi makaranta da bangaskiya, suka dawo da gardama. Amsar 'yar kuma ba raini ba ce. Tambayar da ke tsakaninsu tsohuwa ce: mutum zai iya sanin addinin wani sosai, cikin gaskiya da adalci, ba tare da ya saki nasa ba? In kuwa zai iya, wane amfani ke ciki? Rayuwar waɗansu masana da suka yi aiki a ƙasar nan za ta taimaka wajen auna maganar.

Malamar da ta saurari talakawa

An haifi Elizabeth Isichei a ƙasar Niyu Zilan a 1939. Ta yi digirinta na uku a Jami'ar Oxford ta Ingila, ta auri ɗan Nijeriya, ta koyar a Nsukka, sa'an nan ta zama farfesar tarihi a Jami'ar Jos a 1976, shekara ɗaya bayan jami'ar ta fara cin gashin kanta. A wancan zamani, yawancin abin da aka rubuta game da bishara a Filato labarin 'yan mishan ne: wane ne ya zo, a wace shekara, ya gina tasha a ina. Mai dafa abinci da ya fara koyon karatu, da mai bishara da ya taka ƙauyuka da ƙafa, da matar da danginta suka ƙi ta saboda baftisma, ba su cika samun ko layi ɗaya ba.

Ita kuwa ta bi wata hanya dabam. Ita da ɗalibanta suka shiga ƙauyuka suna zama da tsofaffi, suna rubuta abin da suka ji daga bakinsu. A 1982 littattafai biyu suka fito a ƙarƙashin jagorancinta, ɗaya a kan tarihin Jihar Filato, ɗaya kuma a kan ire-iren rayuwar Kirista a Nijeriya. Kafin wannan, a 1980, ta rubuta tarihin Fada Michael Tansi, firist ɗan ƙabilar Ibo wanda ya zauna a gidan sufaye a Ingila, ya kuma rasu a ƙasar a 1964. Ita 'yar Katolika ce, amma wannan bai hana ta nazarin addinin gargajiya na Anaguta ba, maƙwabtan Afizere da Birom a ƙasar Jos, da kuma al'adar dodanni a tsakiyar Nijeriya. Bayan ta koma ƙasarsu ta zama farfesar nazarin addinai a Jami'ar Otago, ta fitar da babban littafinta na tarihin Kiristanci a Afirka a 1995.

Darasin da ke cikin aikinta shi ne, bangaskiyar jama'a ba a kan bagade kaɗai take ba. Tana cikin waƙar Zumuntar Mata da tulu da ganga, tana cikin fitar 'yan Sabon Rai zuwa ƙauye, tana cikin addu'ar da uwa ke yi a kan ɗanta mai zazzaɓi da tsakar dare. Wanda kuma yake so ya gane abin da kakanni suka bari sa'ad da suka tuba, dole ya san abin da suke riƙe da shi a dā. In ba a san nauyin dodo a zuciyar mutum ba, ba za a san girman ƙarfin halin wanda ya juya masa baya ba.

Daga Ibadan zuwa littattafan Indiya

To, addinin kakanni na gida ne. Mene ne ruwan ɗan Jos da addinin Hindu? Indiya ba ta da nisa kamar yadda ake zato. Manya da yawa sun yi karatun lissafi da kimiyya a hannun malamai Indiyawa a makarantun sakandare na Arewa a shekarun 1970 da 1980. Finafinan Indiya sun daɗe da zama 'yan gida, tun zamanin silima har zuwa waɗanda ake fassarawa da Hausa. Iyalai na zuwa asibitocin Indiya neman magani, matasa na zuwa karatu. Mabiya wannan addini sun haura biliyan ɗaya a duniya. Yara suna ganin ɗakunan ibadarsu a talabijin kullum, ba mai yi musu bayani.

Geoffrey Parrinder, fasto ne na ikkilisiyar Methodist daga Ingila, wanda aka haifa a 1910. Ya fara aikin mishan a Dahomi, wadda ake kira Jamhuriyar Benin yanzu, a 1933. Daga 1949 zuwa 1958 ya koyar a Kwalejin Jami'a ta Ibadan, inda ya rubuta littafi a 1953 a kan addinan da ke cikin birnin, har da ƙananan ikkilisiyoyin da 'yan ƙasa suka kafa da kansu, waɗanda manyan ɗarikoki ke yi wa kallon raini. Da ya koma Landan yana koyar da kwatancen addinai, sai ya duƙufa a kan littattafan Hindu. A 1970 ya fitar da littafi yana kwatanta koyarwar Hindu game da saukowar allahnsu Vishnu cikin siffofi dabam dabam, kamar Rama da Krishna, da koyarwar Kirista game da zaman Almasihu mutum.

Abin lura shi ne yadda ya yi kwatancen. Ya faɗi inda koyarwar biyu suka yi kama ba tare da ɓoyewa ba, ya kuma nuna inda suka rabu: a wurin Hindu saukowar tana maimaituwa zamani bayan zamani, a wurin Kirista kuwa sau ɗaya ce, cikin tarihi, ta kai har ga shan wuya da mutuwa a kan gicciye. Wanda bai karanta na wancan ɓangare ba zai ce ko dai duk ɗaya ne, ko kuma babu abin da ya haɗa su, kuma duka biyun kuskure ne. Parrinder ya rasu a 2005 yana fastonsa.

A Indiya kanta akwai Kirista wajen miliyan 28 bisa ƙidayar 2011. Selva Raj, firist ɗan kudancin ƙasar wanda ya koyar a Amurka har rasuwarsa a 2008, ya yi nazarin yadda talakawan Kirista da na Hindu ke haɗuwa a wuraren ziyara ɗaya, suna ɗaukar wa'adi, suna aske kai, suna neman warkarwa ko haihuwa. Shi da Corinne Dempsey suka haɗa littafi a kan wannan a 2002. Mai karatu a Filato zai iya jin abin baƙo ne, amma in ya tuna kwalbar man zaitun da ke cikin jaka, da ruwan addu'a, da Littafi Mai Tsarki da ake sawa ƙarƙashin matashi a buɗe a Zabura 91, zai ga cewa madubi aka miƙo masa. Wani abin bangaskiya ce tsantsa, irin ta matar da ta taɓa rigar Yesu (Markus 5). Wani kuwa laya ce aka sake wa suna, irin tunanin Siman mai sihiri da ya so sayen ikon Allah da kuɗi (Ayyukan Manzanni 8). Fasto ba zai iya rarrabe su ba sai ya zauna ya saurara.

Gargaɗin Byang Kato

Ba za a yi wa uban nan adalci ba in ba a saurari wanda ya fi kowa faɗin tsoronsa da hujja ba. An haifi Dokta Byang Kato a Kwoi a 1936, ya zama babban sakataren ECWA a Jos a 1967, sa'an nan babban sakataren ƙungiyar masu bishara ta Afirka da Madagaska a 1973. A littafinsa na 1975 ya yi kashedi a kan abubuwa biyu: cuɗanya bishara da sauran addinai, da kuma koyarwar cewa kowace hanya tana kai mutum ga ceto. Ya ga yadda waɗansu masana, cikin ƙoƙarin wanke addinin kakanni daga zagin Turawa, suka kusa ɗora shi daidai da bishara. A watan Disamba na wannan shekarar ya rasu a teku kusa da Mombasa yana da shekara 39.

Gargaɗinsa yana nan da ƙarfinsa. Mai nazari yana iya sabawa da tsayawa a gefe yana kallon kowane addini kamar kayan kasuwa, har ya manta yadda ake durƙusawa. Manzo Bulus ya faɗa wa Korantiyawa cewa ilimi yana iya kumbura mutum, alhali ƙauna ce ke gina shi. Akwai kuma wani hatsarin da ba a cika faɗa ba: tsoho ya buɗe wa ɗalibi cikinsa, ya ba shi asirin gidansu, ɗalibin ya sami digiri da ƙarin girma, tsohon ya mutu bai ga ko shafi ɗaya ba. Wannan cin amana ne, ko da an yi shi da sunan ilimi.

Amma a duba yadda Kato kansa ya yi. Ya taso a gidan da ake bin addinin gargajiya, kuma da ya je karatu a Dallas ta Amurka, addinin mutanensa Jaba ya ɗauka ya yi bincike a kai. Bai ce a rufe ido ba. Ya sani, sa'an nan ya auna abin da ya sani da Maganar Allah. Ashe ko mai gargaɗin bai tsaya a kan jahilci ba.

Shaida a kan maƙwabci

Littafi Mai Tsarki bai ɓoye cewa bayin Allah sun yi irin wannan karatu ba. An horar da Musa cikin hikimar Masarawa (Ayyukan Manzanni 7:22). Daniyel da abokansa sun yi shekara uku suna koyon harshe da littattafan Kaldiyawa. Abincin sarki suka ƙi, ba makaranta ba. Bulus ya zaga birnin Atina yana duba wuraren sujadarsu, ransa ya ɓaci, duk da haka da ya tashi magana sai ya fara da bagadensu da mawaƙansu (Ayyukan Manzanni 17). Waɗanda suka fassara Littafi Mai Tsarki da Hausa, wanda ya fito cikakke a 1932, sai da suka san abin da Bahaushe ke nufi da Allah, da zunubi, da tuba, da alheri, kafin su sa waɗannan kalmomi a bakin masu bi.

Akwai kuma dalilin da ya fi waɗannan nauyi. Doka ta tara ta hana yin shaidar zur a kan maƙwabci (Fitowa 20:16), ba ta kuwa ware maƙwabcin da addininsa ya bambanta ba. Duk wanda ya faɗi abin da bai tabbatar ba game da abin da Musulmi ko Bahindu ko mai bin gargajiya ya gaskata, ya ba da shaida a kansa. Mazauna Jos sun san farashin irin wannan. Bayan rikicin da ya ɓarke ranar 7 ga Satumba, 2001, da na Nuwamba 2008, da na Janairu 2010, unguwanni suka rabu bisa addini. Yara da yawa sun girma ba su taɓa cin abinci a gidan wanda ba addininsu ɗaya ba, abin da suka sani game da juna duk ji ne. Rashin sani ya fi dare duhu, a cikin irin wannan duhu kuwa jita-jita ke samun wurin kwana. Ikkilisiya tana bukatar 'ya'yanta da za su iya tashi a taro su ce, "Wannan ba haka suke koyarwa ba," kamar yadda mai bi yake so a samu wanda zai faɗi gaskiya a kansa a inda ba ya nan.

Abin da ya rage wa gida

Saboda haka sani da bauta ba ɗaya ba ne, amma sani ba ya tsare kansa. Abin da ke tsare ɗalibi shi ne tushen da ya fito da shi daga gida da zumuncin da bai yanke ba. Itacen da saiwarsa ta yi zurfi ba ya tsoron iska. Iyayen da suka hana tambaya a gida ba su kashe tambayar ba, sun tura ta wurin da ba za su ji amsarta ba ne kawai.

Ga ɗalibi kuma akwai ma'auni uku da zai riƙa gwada kansa da su. Idan ya bayyana addinin wani, mai addinin zai ji ya ce haka ne? Mutanen da suka ba shi labarinsu sun amfana, ko shi kaɗai ya ci riba? Bayan duk karatun nan, har yanzu yana iya durƙusawa tare da mahaifiyarsa da ba ta yi boko ba, ba tare da ya raina addu'arta ba? Wanda ya faɗi a na ukun ya yi hasara, komai yawan takardunsa.

Dattijon nan na Jos Jarawa yana da zaɓi. Yana iya yaga takardar. Yana kuma iya mayar wa 'yarsa ita ya ce, "Je ki, 'yata. Amma duk hutu za ki zauna nan ki faɗa mini abin da aka koya miki, mu buɗe Littafi mu duba tare." Hanya ta biyu ta fi wuya, domin za ta tilasta wa uban ma ya koma karatu. Ita ce kuwa ta fi kama da umarnin da ke cikin 1 Bitrus 3:15, inda aka ce mai bi ya zauna a shirye ya ba da dalilin begensa, cikin tawali'u da ladabi. Mai ba da amsa dole ya fara jin tambayar, ya kuma san wanda ke yin ta.