Alhakin Daren Lahadi Yana Kan Wa?

Kowane ciwo da lokacin da yake tashi. Zazzaɓi yakan jira faɗuwar rana, sanyin ƙashi kuma ya jira hunturu. To, akwai wani ciwo da ba a cika rubuta shi a katin asibiti ba, wanda shi kuma la'asar ɗin Lahadi yake jira. Mutum yana zaune cikin iyalinsa, babu wanda ya zage shi, babu wanda ya aiko masa da saƙon mutuwa, sai ya ji gabansa ya faɗi, abinci ya fita ransa, hirar 'ya'yansa ta zame masa hayaniya. Idan aka tambaye shi me ya faru sai ya ce ba kome. Gaskiya kuwa ya faɗa, domin abin da ke damunsa bai riga ya faru ba. Gobe Litinin, shi ke nan.

Bahaushe bai rasa sunayen wannan hali ba. Tsoro yana da abin da yake nunawa da yatsa, kamar kura ko ɓarawo ko kogin da ya cika ya batse. Fargaba ita ce faɗuwar gaba, zullumi kuwa shi ne zaman saƙa da warwara a kan abin da bai iso ba. Soren Kiyakegad, masanin falsafa ɗan ƙasar Denmak, ya yi irin wannan rarrabewa a littafin da ya fitar a 1844, inda ya nuna cewa tsoro yana da takamaiman abin da ya jingina da shi, zullumi kuwa ba shi da shi. Shi ya sa ya fi wuyar sha'ani. Kura ana iya guje mata, amma ina mutum zai gudu ya ɓuya wa gobe?

Ya kamata mu tuna cewa kakanninmu ba su san wannan ciwo a wannan rana ba. Sunayen ranakun mako daga Larabci muka aro su, kuma Lahadi ma'anarta ta ɗaya, Litinin ta biyu. Manomi da damina yake lissafi, ɗan kasuwa da ranar da kasuwa ke ci, almajirin makarantar allo kuwa hutunsa Alhamis da Juma'a ne. Turawan mulkin mallaka ne suka zo da ofis da agogo da hutun Lahadi, kuma ko a can ƙasashensu makon aiki na kwana biyar ba daɗaɗɗe ba ne, domin sai a 1926 Henri Fod ya tabbatar da shi a masana'antarsa ta motoci a Amurka. Da aka yanka mako gida biyu, aka ce wannan naka ne wancan na mai biyanka ne, sai aka sami iyaka, daren Lahadi kuwa a kan iyakar ya faɗo.

Jalingo wuri ne da ya dace a duba wannan al'amari. Garin da Sarkin Muri Muhammadu Nya ya kafa a wajejen 1893 a matsayin sansanin yaƙi ya wayi gari babban birnin jiha a ranar 27 ga Agusta, 1991, lokacin da gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta cire Taraba daga tsohuwar Jihar Gongola. Tun daga nan ya zama garin ma'aikata. Sakatariya ta zo, ma'aikatu suka zo, a 2008 kuma aka kafa jami'ar jiha. Idan albashi ya shigo kasuwa takan sani, idan ya yi jinkiri mai nama da mai shinkafa da direban Keke duk sukan ji a jikinsu. Ban da wannan, jihar tana da ƙananan hukumomi 16, kuma akwai ma'aikata da dama da iyalansu ke Jalingo alhali wurin aikinsu yana Bali ko Wukari ko Takum, ko can Gembu a kan tsaunin Mambila. Irin waɗannan bayin Allah Litinin ɗinsu tun ranar Lahadi take farawa, a tashar mota. Bayan cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayu, 2023 kuɗin mota ya ninka, da gadar Namnai ta hanyar Wukari ta karye a damunar 2024 kuma sai tafiyar ta haɗa da hawa jirgin ruwa. Wanda ya ce wa mai irin wannan tafiya fargabarsa saƙar zuci ce kawai, bai yi masa adalci ba.

A nan ne tambayar ɗa'a ta taso. Mun saba idan mutum ya koka da zullumin Litinin mu yi masa ɗayan hukunci biyu: ko mu ce raggo ne, ko mu ce ba shi da tawakkali. Mukan ƙara da tuna masa dubban masu digiri da ke yawo da takardu suna neman irin aikin da yake kuka da shi. Maganar tana da ƙamshin gaskiya, amma tana rufe bakin mai ciwo tun kafin likita ya ji inda ke masa zafi. Imam Gazali, wanda ya rasu a 1111, ya keɓe babi guda a cikin Ihya'u Ulumiddin ga tsoro da fata, inda ya kamanta tsoro da bulala: kaɗan daga cikinta yana sa tafiya, idan ta yi yawa sai ta karya gwiwa. A kan tsoron Allah yake magana, amma ma'aunin yana da amfani a nan. Fargabar da ta sa malami ya tashi ya duba takardun jarrabawar ɗalibansa da ya jibge tun ranar Laraba, ta yi aikinta, kuma da ya gama za ta sake shi. Maganinta sananne ne, ba a fafe gora ranar tafiya. Wanda ya tsaya minti talatin ranar Juma'a ya kammala abin da zai kammalu, ya rubuta sauran a takarda, ya sayi barcinsa na Lahadi da araha. Haka kuma ziyarar 'yan'uwa da zaman majalisa da ibada, a masallaci ko a coci, sun fi kwanciya a ɗaki ana latsa waya, domin zullumi a kaɗaici yake ƙiba. Idan kuwa abin ya kai ga rashin barci da bugun zuciya mako bayan mako, to ya wuce batun haƙuri, ya zama na ganin likita, kuma babu abin kunya a ciki.

Amma fa akwai fargabar da ba ta jin wannan magani ko kaɗan. Ma'aikaci ya gama aikinsa tsaf, ya goge kayansa, ya tanadi kuɗin mota, duk da haka gabansa bai daina faɗuwa ba. Idan aka bi sawun wannan fargaba, sau da yawa a ƙofar wani ofis take tsayawa. A ciki akwai shugaban da yake tsawa a gaban baƙi, wanda ba a san da wace fuska zai shigo ba, wanda yake riƙe takardar ƙarin girma shekara da shekaru don a zo a durƙusa masa, ko kuma wanda ma'aikaciya mace take tsoron a bar ta da shi su biyu. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Wannan fargaba shaida ce, kuma abin da take bayar da shaida a kansa yana wajen zuciyar mai ita. A gaya wa irin wannan mutum ya ƙara tawakkali, alhali ba a ce wa mai gallaza masa uffan ba, a ganina ɗaure wa zalunci gindi ne da sunan nasiha.

Gwamnati tana biyan ma'aikaci ladan awannin da ya yi a ofis daga Litinin zuwa Juma'a. Daren Lahadi ba ya cikin wannan ciniki. Na matarsa ne da 'ya'yansa da tsohuwarsa da shi kansa. Saboda haka shugaban da halinsa ya sa na ƙasa da shi suka kwana ido biyu ya karɓi abin da bai saya ba, ko da kuwa bai taɓa ɗaukar sisin gwamnati ba. Mu a al'adarmu wannan shi ake kira alhaki, kuma ba ya bayyana a rahoton masu binciken kuɗi.

Wasu suna ganin rage kwanakin aiki zai warware matsalar. Jihar Kaduna ta koma zuwa ofis kwana huɗu a mako a watan Disamba na 2021. Hakan yana rage wahalar sufuri, babu shakka, sai dai ko mako ya koma kwana biyu dole yana da ranar farko, mugun shugaba kuma yana nan yana jira a cikinta. Faransa ta ɓullo ta wata hanyar: daga farkon 2017 doka ta wajabta wa manyan kamfanoni su zauna da ma'aikatansu su tsara lokacin da ma'aikaci yake da haƙƙin ƙin amsa saƙon aiki. A wurinmu wayar hannu ta riga ta rushe katangar da ke tsakanin gida da ofis. Ƙarfe goma na daren Lahadi saƙo zai shigo ta WhatsApp daga maigida: "Ka same ni a ofis gobe da safe." Babu dalili, babu bayani. Shi ya aika ya juya ya yi barcinsa, wanda aka aika wa kuwa zai kwana yana ƙirga laifuffukan da ya yi da waɗanda bai yi ba tun daga ranar da aka ɗauke shi aiki. Da safe ya je yana rawar jiki, sai ya tarar ashe lambar wani tsohon fayil ake so ya tuna.