An Sauya Kowane Katako, Shin Jirgin Shi Ne?

A shekarar 1892 wani tsohon kyaftin mai suna Eben Pierce ya yi wa abokinsa Joshua Slocum kyautar jirgin ruwa. Da Slocum ya isa garin Fairhaven a jihar Massachusetts ta Amurka, sai ya tarar da wani ruɓaɓɓen jirgin kamun kawa mai suna Spray, an tokare shi a fili nesa da ruwa, an rufe da tamfol. Mutanen garin sun ɗauka farfasa shi zai yi. Shi kuwa gatari ya ɗauka.

Ya sari itacen oak da ke kusa ya sassaƙa ƙashin bayan jirgin. Haƙarƙarin kuwa da ƙananan itatuwa ya yi su: a turara a akwatin tururi har itacen ya yi laushi, a lanƙwasa shi a kan gungume tun da zafinsa, a ɗaure har ya riƙe siffar. Allunan jiki kaurinsu inci ɗaya da rabi, ya toshe tsakaninsu da auduga don kada ruwa ya shiga. Yana cire tsohon katako yana sa sabo a gurbinsa, har wata 13, kuɗin kaya dala 553 da 'yan kai. Wannan jirgi, wanda bai kai ƙafa 37 ba, shi ya bar Boston da shi ranar 24 ga Afrilu 1895, ya dawo a Yunin 1898, ya zama mutum na farko da ya zagaya duniya a teku shi kaɗai.

To wane jirgi ne ya zagaya duniyar? Slocum da kansa ya taɓo maganar a littafinsa, inda ya ce a ƙa'idar masu rajistar jirage na Lloyd's, jirgin da aka yi ta gyarawa har ya koma sabo fil yana nan da sunansa. Tambayar ta girme shi nesa ba kusa ba. Marubucin Girka Plutarch ya ba da labarin jirgin Theseus da mutanen Atina suka adana, duk katakon da ya ruɓe su sauya, har masana suka rabu biyu a kansa. Daga baya Thomas Hobbes na Ingila ya ƙara wa wutar itace: idan wani ya tsince tsofaffin katakan ya harhaɗa su, wanne ne na gaskiya cikin biyun?

Wasu sun ce siffa ce jirgi, katako bawanta ne. Amma Slocum ya ɗaga bangon jirgin ya fi na da tsayi, kuma a kan hanya ya ƙara masa ƙaramin turken filafili a baya. Ga kuma masu sha'awa da yawa a ƙasashe daban-daban da suka bi awon Spray suka ƙera nasu a bayan gida, babu wanda ya ce nasa ne ya ratsa mashigin Magellan. Abin da Spray yake da shi wanda su ba su da shi shi ne rashin yankewa: kowane sabon haƙarƙari a jikin tsoho aka gwada shi, ba a taɓa wayar gari babu jirgi a filin nan ba. Haka mai gidan ƙasa yake yaɓe duk shekara, ya tayar da katangar da damina ta kayar, kuma gidan kakansa yake kiransa, bai yi ƙarya ba.

Malaman Musulunci sun gamu da wannan tambaya a wuri mafi nauyi, wato tashin ƙiyama. Ibn Sina ya karkata ga cewa sakamakon lahira na rai ne. Imam Gazali, a littafinsa Tahafut al-Falasifa, ya tsaya kai da fata cewa da jiki za a tashi, sannan ya kawo hujjar da kafintan jirgi zai gane nan take: jikin mutum yana sauyawa tun daga ƙuruciya har tsufa, amma mutumin shi ne, domin ruhinsa bai sauya ba. Shi ya sa dattijo ɗan saba'in ba zai ce bashin da ya ci yana saurayi wani jiki ne ya ci ba.

A nan ne jirgi da mutum suka raba hanya, kuma bai kamata a haɗa su ba. Mutum yana da abin da ke riƙe shi daga ciki. Jirgi kuwa mutane ne ke riƙe shi daga waje, da suna, da takardar mallaka, da hannun da bai gaji da gyara ba. Wannan ba ƙaramin abu ba ne, domin a kansa ake ciniki, a kansa ake rabon gado.

Gardamar ba ta mutu ba. Jirgin Tally Ho, wanda aka ƙera a Ingila a 1910 kuma ya lashe tseren jiragen ruwa na Fastnet a 1927, wani kafinta Bature mai suna Leo Goolden ya same shi yana ruɓewa a gabar yammacin Amurka a 2017. Shekara bakwai yana aiki tare da masu taya shi, ya mayar da shi ruwa a 2024. Na asali kaɗan ne ya rage a jikinsa, kamar ƙarfen naɗe sarƙar anka, kuma burin mai shi ya shigar da shi tseren Fastnet na 2027 da sunan da ya ci na 1927.