Girgizar Ƙasar Lisbon: Azaba Ce Ko Sakaci?

Duk sa'ad da wata masifa ta auku, kafin a share makoki sai mu ji jama'a sun kasu biyu. Wasu su ce azaba ce aka saukar saboda zunubi, wasu kuwa su ce sakacin mutane ne. Wannan gardama ba mu muka fara ta ba. Masanan Turai ma sun tafka ta tun a ƙarni na 18, kuma abin da ya tayar da ita ya isa mu tsaya mu duba.

Ranar 1 ga Nuwamba, 1755, da hantsi, ƙasa ta girgiza a Lisbon, babban birnin Fotugal. Ranar kuwa ta bikin tunawa da waliyyai ce a wurin Kiristoci 'yan Katolika, don haka majami'u suna cike, rufinsu ya rubzo a kan masu ibada. Waɗanda suka gudu bakin ruwa, igiyar teku ta taso ta kwashe su, sa'an nan gobara ta yi kwanaki tana cin abin da ya rage. Dubun-dubatar mutane suka halaka.

Wani limamin Kirista, Gabriel Malagrida, ya wallafa ƙasida a 1756 yana cewa fushin Ubangiji ne, maganin abin kuwa tuba. Voltaire, marubucin Faransa, ya ƙi yarda. Shin mutanen Lisbon sun fi na Paris da Landan zunubi ne? Jariran da suka mutu fa, me suka yi? Daga nan ya juya kan ra'ayin Leibniz, masanin Jamus da ya ce, tun a 1710, wannan duniya ita ce mafi kyawun da za a iya halitta. A 1759 ya fitar da littafinsa Candide, inda ya mayar da ra'ayin abin dariya.

To amma wanda maganarsa ta fi kama hankalinmu shi ne Rousseau. A wasiƙar da ya aika wa Voltaire a watan Agustan 1756, ya kare hikimar Ubangiji, kana ya tuna masa cewa mutane ne da hannunsu suka cunkushe wuri guda suka gina benaye hawa shida da bakwai, kuma da yawa sun mutu ne garin ceton kuɗi da tufafi. A lura, wanda ya tsaya a kan imani shi ne ya nuna laifin ɗan Adam. Ke nan yarda da ƙaddara ba ta hana a tambayi magini yadda ya yi gininsa. Abin da ba mu yarda da shi ba shi ne mutum ya dubi gawar ɗan'uwansa ya yanke cewa azaba ce ta same shi, sai ka ce an nuna masa gaibu.

Wazirin sarkin ƙasar, wanda daga baya aka sani da Pombal, shi ko ta kan gardamar bai bi ba. Ya sa an kawar da gawawwaki, ya aika wa gundumomin majami'u tambayoyi a kan tsawon lokacin girgizar da yadda teku ta yi, aka sake gina birnin da firam na katako cikin bango don ya jure motsi. Ba waliyyi ba ne fa, domin a zamanin ikonsa aka kashe Malagrida a 1761.

Mu marubuta abin ya shafe mu kai tsaye. Sau nawa labari ya cushe mana, muka jefa mugu a haɗarin mota, muka rubuta cewa alhaki ne ya kama shi? Sauran fasinjojin da ke cikin motar, da direban da ya kwana bai runtsa ba, da tayar da ta suɗe, ba mu cika ba su ko layi guda ba.