GIRMAN KAI: NA BIRNI NE KO NA ZUCIYA?

Godiya ta tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, wanda Ya halicce mu daga turɓaya guda, Ya watsa mu cikin birane da ƙauyuka da rugage. Tsira da amincin Allah su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa, da waɗanda suka bi tafarkinsu har ranar sakamako.

Bayan haka, ya ku ƴan'uwa Musulmi, akwai maganar da ta daɗe tana yawo a bakin jama'a, tun daga Adar har Damagaram, wai mutanen birni masu girman kai ne. Wanda ya komo daga ci-rani a Yamai yakan ce ya yi sallama an dube shi sheƙeƙe, ya shiga biro biɗar takarda an bar shi tsaye har azahar don tufafinsa sun nuna daga karkara ya fito. Harshenmu ma ya riƙe wannan tsama: idan aka ce wane ɗan birni ne, mai wayon cuta ake nufi, na birni kuwa in zai yi zagi sai ya ce baƙauye. To, tunda ƙarar ta kai haka, wajibi ne mu auna ta da ma'aunin shari'a, domin tuhumar jama'a guda ba ƙaramin abu ba ne a wurin Allah.

Da farko mu san mene ne girman kai. Imamu Muslim ya ruwaito daga Abdullahi ɗan Mas'udu (R.A.) cewa Manzon Allah (S.A.W.) ya yi gargaɗi, Aljanna ta haramta ga mai kibri a zuciyarsa ko da gwargwadon ƙwayar zarra ne. Sai wani mutum ya yi tambaya a kan mai son tufa da takalmi masu kyau. Annabi ya nuna masa wannan ba laifi ba ne, sa'an nan ya taƙaita kibri a abu biyu: ƙin karɓar gaskiya, da rena mutane. Ke nan babbar riga da mota da gidan bene da iya Faransanci ba su isa hujja a kan kowa ba. Haka nan gajeruwar gaisuwa. A ƙauye kowa ya san kowa, ana tambayar gida da gona da bisashe ɗaya bayan ɗaya. Yamai kuwa, ƙidayar 2012 ta sami mutum fiye da miliyan 1 a cikinta, da yawansu na gaggawar biɗar cimakar yini da kuɗin haya. Wanda ya fassara kowace gaggawa da wulaƙanci ya faɗa cikin munana zato, alhali Allah Ya hore mu da nisantar yawan zato a Suratul Hujurati.

Amma fa kada na birni ya yi murna da wuri, don ƙarar tana da gindi. A Suratuz Zukhrufi, aya ta 31, Allah Ya ba mu labarin Ƙuraishawa da suka so a ce Alƙur'ani ya sauka ga wani babban mutum na ɗayan biranen nan biyu, wato Makka da Ɗa'ifa. Manyan mutanen Annabi Nuhu (A.S.) su ma abin da suka riƙa hujja shi ne ƙasƙantattu ne suka bi shi. Malam Ibn Khaldun, a Muƙaddimarsa da ya rubuta a 1377, ya lura cewa mutanen karkara sun fi kusa da alheri, saboda jin daɗi da ƙawa na birni suna gurɓata zuciya sannu a hankali. Dalili a fili yake: inda dukiya da mulki da ilimi suka taru, nan Shaiɗan ya fi samun abin hura wa mutum hanci.

Mu dubi kanmu. Akwai mai jin kunyar ƙanen mahaifinsa idan ya zo jinya daga ƙauye, ya shimfiɗa masa tabarma a zaure don kada abokan aiki su gan shi. Akwai gidajen da yarinya ƴar aiki ke cin ƙanzo bayan kowa ya ƙoshi, a kuma riƙe mata kuɗin wata. Akwai masu tare manomi a bakin gari su saye hatsinsa ko albasarsa da araha tun bai san yadda tiya take a kasuwa ba, alhali Annabi (S.A.W.) ya hana tarbar masu kawo haja a hanya, ya kuma ba mai kayan zaɓin warware cinikin in ya iso kasuwa. Duk wannan reni ne, ko da mai yinsa a sahun gaba yake salla.

Ina mu ina halin Manzon Allah? Imamu Ahmad da Tirmizi sun kawo labarin Zahiru (R.A.), mutumin ƙauye, marar kyan sura, wanda ke kawo wa Annabi tsarabar karkara, Annabi kuma ya haɗa masa guzuri in zai koma. Wata rana Annabi ya iske shi yana sayar da kayansa, ya rungume shi ta baya yana yi masa raha. Da Zahiru ya nuna shi ba mai daraja ba ne a idon mutane, sai Annabi ya shaida masa cewa a wurin Allah mai tsada ne. Haka da wani Balaraben ƙauye ya yi fitsari a masallaci, sahabbai suka zabura, Annabi ya hana su, ya sa aka kwarara ruwa, ya karantar da mutumin cikin taushin murya.

Tarihin biranenmu ma ya ishe mu wa'azi. Yamai ƴan ƙauyuka ce a bakin kogi kafin Nasara su ɗauke babban birni daga Damagaram su kai can a 1926. Maraɗi, Katsinawan da suka baro gida a farkon ƙarni na 19 ne suka raya ta, kuma ambaliyar gulbi ta 1945 ta rushe tsohon garin, dole aka hau tudu. Unguwar Lazare a Yamai sansanin waɗanda farin 1973 da 1974 ya koro ne. Ɗan birnin da ya bincika kakanninsa zai iske manomi ko makiyayi ko baƙon da wani ya yi wa masauki. Har yau fiye da kashi 80 cikin 100 na ƴan Nijar a karkara suke, su ke noma gero da wake da albasar Galmi, su ke kiwon ragon layyarmu. Yaya mutum zai ci tuwo ya rena mai hauya?

Sai dai laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. Ƙauye ma yana da nasa kibrin. Can ne ake hana wa mutumin kirki aure don kakansa maƙeri ne ko mahauci ko bawa. Wannan alfahari da asali shi ne ainihin zunubin Iblis, da ya ga wuta ta fi yumɓu. Kuma a cikin mutum 3 da hadisin Muslim ya ce Allah ba zai yi musu magana ba ranar ƙiyama har da matalauci mai girman kai. Mu tuna kuma Ɗa'ifa birni ce, ta jefi Annabi da duwatsu, Madina ma birni ce, ta karɓe shi a shekara ta 622, har Sa'adu ɗan Rabi'u (R.A.) ya yi wa baƙonsa Abdurrahman ɗan Aufu (R.A.) tayin rabin dukiyarsa. Ashe cutar a zuciya take kwana. Birni ya fi yawan abubuwan da ke tayar da ita, shi ya sa hattarar na birni ta fi zama dole, amma ba ya halatta a yi wa mutanensa kuɗin goro.

Saboda haka muna kira ga mazauna Yamai da Maraɗi da Damagaram da Tawa: mu yawaita sallama ga wanda muka sani da wanda ba mu sani ba. Ma'aikaci ya saurari talaka yadda yake sauraren mai kuɗi, don amana ce aka ba shi. A biya ƴan aiki haƙƙinsu a kan lokaci. Wanda ya ga baƙo ya ɓace a tashar Wadata ko kasuwar Katako ya nuna masa hanya, domin shimfiɗar fuska ta fi ta tabarma. Ƴan'uwanmu na karkara kuma su kyautata zato, su daina tonon asali. Tirmizi ya ruwaito cewa za a tashi masu girman kai ranar ƙiyama ƙanana kamar tururuwa, ƙasƙanci na rufe su ta ko'ina. Hausawa sun yi gaskiya da suka ce girman kai rawanin tsiya.

Allah Ya tsarkake zukatanmu daga kibri, Ya haɗa kan birni da ƙauye a kan gaskiya, Ya ba mu damina mai albarka da zaman lafiya a ƙasarmu. Amin.

Wassalamu alaikum wa rahmatullah.