Kada Kome Ya Lalace

Karatu: Farawa 2:15, Yahaya 6:1-13

Bayan da Ubangiji Yesu ya ciyar da mutum 5,000, ya umarci almajiransa su tattara gutsattsarin da suka ragu domin kada a yi asararsu, har suka cika kwando 12. Mai ikon riɓanya gurasa bai yarda da almubazzaranci ba.

Wani bincike da aka wallafa a 2017 ya nuna cewa daga 1950 zuwa 2015 duniya ta ƙera roba kimanin tan biliyan 8.3, amma kashi 9 cikin 100 kaɗai na sharar aka sake sarrafawa. Sauran an ƙone shi, ko an binne, ko kuwa yana toshe magudanan ruwa, yana tara sauro, yana kashe awaki da shanun da suka haɗiyi leda.

Duk da haka, Allah ya ba ɗan Adam hikima. A 2020, Farfesa James Tour da abokan aikinsa a Jami'ar Rice da ke Amurka sun nuna yadda ake tura wa garin tsohuwar roba wutar lantarki mai tsananin zafi, cikin 'yan daƙiƙoƙi ya rikiɗe ya zama girafin. Girafin wani nau'in gawayi ne mai sirantaka ƙwarai, yana lanƙwasuwa, lantarki kuma yana ratsa shi. Da irinsa ake ƙera ƙananan na'urori masu laushi da ake mannawa a fata. Idan fata ta motsa, gudun lantarkin cikinsu yakan canja, ta haka ake auna bugun jini da numfashi. Abin da aka yar a juji zai iya taimakon majiyyaci.

Tun a gonar Aidan Allah ya danƙa wa mutum amanar ƙasa, ya nome ta, ya kuma kiyaye ta. Iyalin Kirista da ke watsar da ledar ruwa a kwata yana cin wannan amana, maƙwabci kuma shi zai sha ambaliya da zazzaɓi. Ya kamata iyaye su koya wa yara ware robobi domin masu saye, zumuntar mata da matasa kuma su share harabar majami'a da unguwa.

Mai bi ya tuna cewa shi ma yasasshe ne saboda zunubi, Almasihu ya tsince shi, ya sabunta shi domin hidima. Wanda aka yi wa wannan alheri ba zai rena halittar Allah ba.

Ubangiji ya ba ikilisiyarsa zuciyar riƙon amana. Amin.